Taga ta Huɗu

Ottavio ba ya gaida daɓe a tsaye.
Durƙusawa yake, gwiwa na kuka kamar tsohon ƙyaure,
ya shimfiɗa tafinsa kan marmara
kamar mai auna zazzaɓin yaro.
"Nives," ya ce, "wannan ya sha gishiri.
Teku ke aiko masa ta ƙarƙashin ƙasa."

Tsohon gidan waya ne a Trieste,
shekara goma sha ɗaya a kulle.
Tattabaru sun sa hannu a kowane lungu.
Iskar bora na dukan tagogi
kamar mai bin bashi.

Sati uku muna niƙa.
Inji na zagaye, ruwa na komawa kunu,
fari, mai kauri, yana bin takalmana.
Dutse mai kaushi tukuna, sai mai dama-dama,
sai wanda ya fi kuncin jariri laushi.
In na tsallake ɗaya, daɓen zai tona ni
da zarar rana ta leƙo.
Inda ya tsage, mu kwaɓa garinsa da danƙo,
mu ciyar da shi naman jikinsa.

Tagulla kuwa tawa ce.
Mariƙin ƙofa, sandar bene, bakin akwatin wasiƙa,
duk sun yi kore, sun yi fushi.
Tsumma, man gogewa, buroshin haƙori,
da haƙurin da ba a sayarwa a kanti.
Yatsuna baƙi ƙirin har ranar Lahadi.
Ko burodi na kama, sai na ji ɗanɗanon kwabo.

A taga ta huɗu na tarar da shi:
wani ɗan kwarmi a gefen kanta,
faɗinsa bai wuce ƙwai ba.
Injiniya ya ce aibi ne, a baje.
Na ɗauko sanfefa.

Sai ga wata tsohuwa ta ratso shingen aiki,
jakar kifi a hannu, ba ko neman izini.
Zdenka sunanta.
Ba ta dubi rufi ba, ba ta dubi ƙasa ba,
kai tsaye ta nufi taga ta huɗu
ta sa yatsu biyu cikin kwarmin.

"Gwiwar hannun Livio ce," ta ce.
"Shekara talatin da ɗaya yana sayar da kan sarki.
Na faci rigunansa har na gaji,
kullum hannun hagu.
Ashe ba rigar kaɗai ke cinyewa ba."

Ta yi dariya, ta tafi.
Kifinta ya ɗiga sau uku a kan daɓenmu.

Na dubi Ottavio.
Yana can yana matse soso,
ya maida kansa kurma.
Can ya ce, ba da ni ba, da bokiti:
"An biya mu mu cire datti.
Ban ga inda aka rubuta mu cire mutane ba."

Na ajiye sanfefa.
Na goge kwarmin da tsumma kawai,
a hankali, ina bin gangarensa,
har ya tara haske kamar cokalin zuma.
Na shafa kaki.
A takardar aiki na rubuta: an kammala.

Ran buɗewa, masu kwat suka shigo,
suka ga fuskokinsu a ƙarƙashin ƙafafunsu,
suka tafa wa injiniya.
Mu muna waje, muna ɗaure kaya a mota.

Yanzu wurin shan kofi ne.
Nakan je duk wata uku in sabunta kaki.
Jiya na ga wani yaro mai karatu
ya zauna a taga ta huɗu,
ya jingina, bai ko duba ba,
gwiwar hannunsa ta faɗa daidai.

Ottavio ya daina durƙusawa tun bara.
Da na ba shi labari,
tambayarsa ɗaya ce:
"Ɗigon kifin nan fa, ya fita?"